Akwatin Katunan Mode Mai Gadi

Mode ya yi shekara goma sha huɗu yana gadin get ɗin makarantar 'yan mata ta kwana da ke kan hanyar Wurno zuwa Goronyo. Duk wanda ya taɓa kai 'yarsa can ya san shi: gajere, baƙi, mai ɗingishi da ƙafar hagu, kullum yana zaune a kan benci ƙarƙashin dogonyaro, da akwatin ƙarfe mai koren fenti a tsakanin ƙafafunsa. Makullin get yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Na akwatin kuwa a aljihun gaba yake sa shi, yana yawan dafa wurin ya ji ko yana nan.

A wani ƙauye na bakin fadama kusa da Wurno aka haife shi, a gidan manoman albasa. Ya yi karatun allo har ya iya rubuta ajami da hannu mai kyau. Boko bai taɓa shiga ba. Yana da shekara talatin da 'yan kai ya faɗo daga saman motar albasa a kasuwar Goronyo, ƙafar ta karye a wuri biyu, mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta warke a gajarce. Daga nan sunkuyon lambu ya gagare shi. Ya gwada tireda, ya gwada awon hatsi, har wani ɗan uwan matarsa ya samo masa gadin makarantar. Aka ba shi ɗaki ɗaya a jikin katanga, da benci, da akwatin.

Katuna ne a cikin akwatin, ɗari huɗu da 'yan kai, kowace ɗaliba da nata. A fuskar kati akwai sunan yarinya da hotonta, a ƙasa kuma hotunan mutum biyu da aka yarda su fitar da ita daga makaranta. Dokar ba ta da lanƙwasa. Yarinya ba ta fita sai da ɗaya daga cikin mutanen nan biyu, ko da takarda mai sa hannun shugabar makaranta ko mataimakinta. Tun da aka fara fargabar 'yan bindiga a gabashin jihar aka ƙara tsananta ta, kuma iyaye da kansu suka nemi hakan. Mode ba ya karanta sunayen. Fuska yake dubawa. Ya ɗaure katunan da kyauro gari-gari, na Wurno daban, na Rabah daban, na Goronyo, na Rara, na Gandi, kuma yana alfahari cewa bai taɓa miƙa 'yar wani ga wanda ba nata ba.

Abin da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba shi ne, duk hotunan da ke ƙasan katunan na maza ne. Babu inda aka rubuta cewa ba a sa mace. Amma ranar da ake cike kati, magatakarda yakan ce a kawo hoton uba da na wani nasa, uban kuma ya miƙa nasa da na ƙanensa. Babu magidancin da zai ɗauki hoton matarsa ya bar shi a akwatin wani namiji a bakin titi. Haka aka saba, kowa kuma yana ganin mutunci ne. Sai dai mazan nan ba mazauna ba ne. Da an kwashe albasa suke bin motoci zuwa kudu, ko su tafi cin rani, ba a ganinsu sai an ga hadari. Watannin zafi, lokacin da ciwo ya fi kama yara, rabin fuskokin da ke akwatin Mode ba sa jihar.

Mashkura tana aji biyu, shekarunta goma sha uku da wata huɗu. Wata Talata a watan Maris ta tashi da zazzaɓi da ciwon kai. Aka buga wa gida waya. Mahaifinta yana Zariya wurin kwas, ƙanensa da ke kan katin yana hanyar Legas. Mahaifiyarta ta bar ofis a Wurno ta iso bakin get ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Ta nuna katin wurin aikinta, ta nuna takardar haihuwar yarinyar da sunanta a jiki. Mode ya zaro katin Mashkura, ya dubi hotunan, ya dubi matar.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce. "Hotonki ba shi nan."

Shugabar makaranta tana Sakkwato. Mataimakinta, Malam Almustapha, ya fita, ya ce a waya a jira shi. Matar ba ta ɗaga murya ba. Mode ya tura mata benci, ba ta zauna ba. Ya kawo mata ruwa a moɗa, ba ta karɓa ba. Tana tsaye riƙe da ƙarfen get har Malam Almustapha ya dawo ƙarfe biyar saura minti ashirin ya sa hannu. Da aka fito da yarinyar a hannu, Mode ya ga yadda kanta ya ƙage baya, da yadda take runtse ido saboda haske. Takalminta ɗaya ya faɗi a bakin get, uwar ta sunkuya ta ɗauka. Washegari da hantsi Mashkura ta rasu a asibiti. Likita ya ce sanƙarau ne.

Babu wanda ya ga laifin Mode. A taron ma'aikata ma yaba masa aka yi, aka ce ya riƙe doka a ranar da riƙe ta ke da wuya. Ya je zaman makoki, ya zauna a gefen tabarma cikin maza, ya yi addu'a ya tashi. Bayan mako biyu ya tare Malam Almustapha a bakin get, ya cire hula ya mayar, ya ce ko za a riƙa sa hoton iyaye mata a katin.

Malam Almustapha ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Kai Mode! Wa zai ba ka hoton matatai ka aje cikin akwati? Kai kanka, ka ba da na taka?"

Mode ya san shi ma da ba zai bayar ba.

Daga nan ya fara wani aiki da bai gaya wa kowa ba. Ranar ziyara, Lahadin farko ta kowane wata, ana buɗe get ga kowa, kuma mata ne suka fi zuwa, ɗauke da gari da ƙuli-ƙuli da yaji da dambu. Mode yakan zauna ya lura da wace yarinya ta ruga wurin wace mata. In an watse ya kira yarinyar. "Ke, waccan ita ta innarki? Mi sunanta?" Sai ya juya katinta, ya rubuta da fensir cikin ajami: sunan matar, da wata alama da ba za ta canza ba. Wushirya. Tsaga uku a kumatu. Yatsa mai lanƙwasa. Kallon fuskar matan mutane yana ba shi kunya, don haka ya fi duban hannu. Wani watan ya samu goma, wani watan uku. A shekara biyu ya rubuta fiye da rabin katunan. Bai san ranar da zai yi amfani da su ba, bai ma tabbata zai iya ba. Da watan Maris ya kama, abinci ya daina yi masa daɗi.

Daga bencinsa ana hango filin da ɗalibai ke taruwa da safe. A cikin makarantar, bayan malamai, iko na siniyoyi ne, wato 'yan aji shida. Kowace siniya tana da ƙaramar yarinya mai ɗebo mata ruwa da wanke mata kaya, kuma yarinyar da ta ce ba ta da lafiya sai siniya ta yarda kafin a kai ta wurin metiron, matar da ke kula da ɗakunan kwana. Kowace siniya ta taɓa zama ƙarama, ta sha wannan, ta jira nata lokacin.

Ranar kasuwar Goronyo ce, wajen ƙarfe tara, rana ta riga ta yi zafi. Mode ya hango yarinya ɗaya durƙushe a tsakiyar filin, hannuwanta a sama. Ya san ta. Sa'adiya ce, 'yar aji ɗaya daga Rara, mai gaishe shi kullum in ta zo wucewa da bokiti. Ba durƙuson ne ya tayar da shi ba, wannan yana ganinsa kowace rana. Yadda ta riƙe kanta ne. Ba ta sunkuyar da shi ba kamar yadda mai horo ke yi. Ya ƙage baya, idonta a runtse.

Ya ɗingisa har iyakar inda aka yarda mai gadi ya tsaya, ya kira siniyar da ke zaune a inuwa da ƙawayenta.

"Hauwa'u! Mi yarinyar ga ta yi?"

"Ƙarya ta yi, Baba Mode. Wai kanta na ciwo. Ran ɗibar ruwa kan kowa ciwo shikai."

"Ce mata ta sadda kai ƙasa in gani."

"Lalle! Baba Mode ya zama likita," in ji wata daga cikin ƙawayen. "Get ɗin ya yi maka kaɗan halan?"

Suka kwashe da dariya. Hauwa'u ba muguwar yarinya ba ce. Shekararta goma sha bakwai, kuma ita ma an taɓa durƙusar da ita a wannan fili da zazzaɓi a jikinta, ta warke. Ta tashi don ta nuna masa ƙarya ce, ta dafa ƙeyar Sa'adiya ta tura gaba. Yarinyar ta yi wata ƙara da ta sa dariyar ta tsaya, ta kife a gefe ta fara amai.

"Ruga ki kira Malama Susanna," Mode ya ce. "Ruga!"

Malama Susanna ce metiron, mutuniyar Zuru, ta fi shekara ashirin tana aikin. Ita ma tana nan ranar Mashkura. Ta ɗauki yarinyar zuwa ɗakin marasa lafiya, inda babu komai sai gado biyu da farasitamol. Bayan minti goma ta fito bakin get da wayarta a hannu, fuskarta ta gaya masa kafin bakinta.

"Shi ne, Mode. Irin na waccan."

Motar makaranta ta yi shekara a kan duwatsu babu taya. Shugabar makaranta tana Sakkwato wurin taro, wayarta a kashe. Malama Susanna ba ta da ikon sa hannu, ko da yake ita ke kwana da yaran. Ta kira lambar da ke fayil ɗin Sa'adiya. Mahaifin, Halliru, ya ɗauka daga Anacha, inda ya kai albasa. Ƙanensa da ke kan katin suna tare. Ya ce zai sa a gaya wa uwar yarinyar ta taho yanzu. Sai Malama Susanna ta kira Malam Almustapha. Yana kasuwar Goronyo, ana jin kukan awaki a bayansa. Ya ce a ba ta magani, yana nan tafe bayan la'asar.

Mode ya koma benci ya zauna. Ya ɗora hannu a kan akwatin bai buɗe ba. Sa'adiya sabuwa ce, zango biyu kawai ta yi. Ya yi ta ƙoƙarin tuna ko ya taɓa rubuta bayan katinta, ya kasa. Yana tsoron ya duba ya tarar babu komai. Ya tashi ya share bakin get da ya riga ya share da safe. Ya dubi wayarsa, sha ɗaya saura kwata. Ya sake dubawa, sha ɗaya da minti goma, sai ya kife ta a kan benci.

Sha biyu da rabi ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin get, dattijo mai furfura a gemu, da mace a bayansa. Ta sauka tun babur bai gama tsayawa ba. Doguwa ce, siririya, hijabinta ya yi fari da ƙurar hanya.

"Malam, an ce ɗiyata ba ta lahiya."

"Mi sunan ɗiyar taki?"

Ta buɗe baki ta rufe. Ta dubi ɗan kabu-kabun.

"To mi sunan ubanta?"

Ta sunkuyar da kai. Ɗan kabu-kabun ya ce, "Haba Malam, ɗiyar fari ta, ba ta faɗin sunanta. Na mijinta kuwa ka san ba ta faɗi. Sa'adiya Halliru, daga Rara. Ni Sale, maƙwabcinsu na. Wagga Lami ta, uwar yarinya."

Mode ya san wannan kunyar, matarsa ma har yau ba ta taɓa kiran sunan babban ɗansu ba. Amma ya kuma san abin da aka faɗa musu a taro: mutanen daji suna iya turo mace, mace mai kuka, da labari a bakinta. Ga mace ba ta faɗi sunan kowa ba, ga namiji baƙo yana amsa mata. In ya miƙa 'yar mutane ga wanda ba nata ba, babu abin da zai faɗa wa Halliru har ya mutu.

Malama Susanna ta iso, ta sake kiran Malam Almustapha, ta miƙa wa Mode wayar.

"Malam, uwar yarinya ta iso."

"Tana kan kati?"

"Ba ta kai."

"To mi kake tambayata? Ka san doka, ka fi kowa saninta."

"Malam, wuyanta ya ƙage. Irin na Mashkura na."

Hayaniyar kasuwa ta cika wayar. Da Malam Almustapha ya sake magana muryarsa ta sauka. "Mode, in ta fita wani abu ya faru a hanya, ni za a kama, ba kai ba. Ka san matar? Ka taɓa ganinta? Ina nan tahe. In ka buɗe get ɗin nan kafin in zo, ka aje makulli."

Wayar ta katse. Lami ta kama ƙarfen get da hannu biyu, daidai inda wata ta taɓa kamawa. Ba ta roƙe shi ba. Ta tsaya tana leƙen cikin makarantar.

Mode ya durƙusa ya buɗe akwatin. Garin sauri kyauron ƙunshin Rara ya tsinke, katunan suka zube a ƙasa. Ya bi su ɗaya-ɗaya har ya ga fuskar Sa'adiya, da Halliru da ƙanensa a ƙasa. Ya yi bisimilla ya juya.

Akwai rubutu. Layi biyu ne, fensirin ya fara dushewa. Lami. Tabon ƙuna a bayan hannun dama. Inno take ce wa yarinyar.

Ya ɗaga kai. Hijabin ya rufe hannuwanta har yatsu.

"Baiwar Allah, ki gahwarce ni. Nuna man bayan hannunki na dama."

"Kai Malam, mi ya kawo hannu cikin maganar ga?" in ji Sale.

Lami ba ta tambaya ba. Ta janye hijabin. Tabon yana nan, fari, faɗinsa kamar ganyen magarya biyu.

"Gida mi kike ce mata?"

"Inno," ta ce.

Mode ya ciro igiyar daga wuyansa ya buɗe get, duka ɓangarorin biyu, abin da ba a yi sai ranar hutu. Malama Susanna da Hauwa'u suka fito da yarinyar a hannu, an rufa mata ɗankwali a ido. Aka zaunar da ita tsakanin Sale da uwarta, Lami ta tallafe ƙeyar da tafin hannu. Malama Susanna ta tsayar da wani babur a titi.

"Ke ma ba ki da takarda, Malama," Mode ya ce.

"To ka hana ni," ta ce, ta hau.

Ya dubi waya. Ɗaya saura minti goma. Ya rufe get, ya tsince katunan Rara daga ƙasa, ya busa musu ƙura, ya ɗaure su da zare. Hauwa'u tana tsaye ba ta koma ba.

"Baba Mode, mutuwa za ta yi?"

"Ban sani ba. Tahi aji."

Awa ukun da suka biyo baya sun fi masa na safe tsawo. Ya yi azahar bai san abin da ya karanta ba. Tunani biyu suka yi ta karɓa-karɓa a kansa. Ko an makara duk da haka. Ko kuma tabon ƙuna ba na mace ɗaya ba ne a duniya, kuma Inno sunan rabin 'yan matan ƙasar nan ne. Duk babur da ya rage gudu a titi sai ya miƙe. Ya kira Malama Susanna sau huɗu ba ta ɗauka ba. A na biyar ta ɗauka, ta ce an karɓe su, an sa mata ruwa da allura, likita bai ce komai ba tukuna.

Malam Almustapha ya iso ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, da buhun gero a bayan babur. Bai yi faɗa ba da farko. Ya tambaya da wace hujja aka buɗe. Mode, wanda bai iya ƙarya ba, ya miƙa masa katin a juye. Malam Almustapha ya iya ajami. Ya karanta. Ya jawo akwatin ya zaro wani kati, ya juya, ya zaro wani.

"Wushirya," ya karanta a fili. "Tawadar Allah a gefen hanci. Mode! Ashe zaman da kake nan, matan mutane kake ƙare wa kallo kana rubutawa?"

"Don ranar irin ta yau na, Malam."

"Ka san abin da zai faru in mazansu sunka ji?"

Sun ji. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai Rabah ta kai Goronyo, kuma a hanya ta canza kama, har ana cewa mai gadi yana da littafin da yake siffanta matan aure. Aka kira taron iyaye. Maza ne suka cika ajin, kamar kullum. Wani dattijo daga Rabah ya miƙe yana rawar murya ya ce shi shekara talatin bai bari ko ƙanensa ya san matarsa na da wushirya ba. Halliru, wanda ya dawo daga Anacha a motar farko da ya samu, ya tashi ya ce in ba don mutumin nan ba da yanzu zaman makoki ake a gidansa. Sai wani daga baya ya ce, "To kai ka ji daɗi da ya sa matarka ta buɗe mashi hannu a bakin titi?" Halliru ya koma ya zauna.

Ba a tambayi Mode komai ba sai ko shi ya yi rubutun. Ya ce shi ne. Aka ce ya tsufa, ya huta. Malama Susanna ta samu takardar gargaɗi. Ita ce ta ce, tun da matsalar namiji ne ke riƙe da akwati, a sa hotunan iyaye mata a wani kati daban ta riƙe a wurinta. Aka ce shawara ce mai kyau, za a duba. Aka buga sababbin katuna, aka ƙone tsofaffin a bayan kicin.

Sa'adiya ta yi kwana goma sha shida a asibiti. Ta tashi. Kunnenta na hagu bai sake ji ba.

Yanzu Mode yana tashar Wurno, yana tsaron buhunan albasa na masu jiran mota. A can mahaifiyar Mashkura ta same shi, ta zauna a kan bencinsa, wannan karon ta karɓi ruwan da ya miƙa mata. Sau uku ta je kafin ya gama ba ta labarin katunan da na Sa'adiya, domin yakan tsaya a tsakiya ya ce sai wani jiƙon. A zuwa na uku ya tambaye ta abin da ya shekara biyu yana son tambaya.

"Hajiya, da na buɗe ran nan, da ta rayu?"

Ta ce ta tambayi likitoci biyu. Ɗaya ya ce mai yiwuwa. Ɗayan ya ce ba wanda zai iya sani. Ta ce iyakar abin da take da shi ke nan, ba za ta ƙara masa ba, ba za ta rage ba. Ya gyaɗa kai ya daɗe yana kallon ƙasa.

Ranar da aka koma makaranta bayan hutu, babur ɗin Sale ya tsaya a tashar, da Lami da Sa'adiya da akwatin kaya a ɗaure a baya. Sun ratso ne su gaishe shi. Yarinyar ta rame, amma ta sauka da ƙafarta ta durƙusa. Lami ta ajiye masa ƙullin ƙuli-ƙuli a kan benci. Ya tambaya wa ke kan sabon katin. Sale ya ce Halliru ne da ƙanensa, kuma jibi za su koma kudu da wata motar.

"Sabon mai gadin ya san ki?" Mode ya tambayi Lami.

Ta ce ba ta jin ya san ta.

"In kun isa, ki tsaya ki gaishe shi. Ki daɗe kina gaisuwar. Ki bari shi ga ke da yarinyar tare."

Ta ce to. Sa'adiya ta juya tana kallon masu lodin albasa. Uwar ta kira ta, "Inno," ba ta waiwayo ba. Sai Lami ta zagaya ta ɓangaren dama ta sake kira, yarinyar ta juyo, suka hau babur. Mode ya bi su da ido har suka hau titin Goronyo, hannunsa a kan aljihun gaba.